SARƘAR KAKI A WUYAN GERVASE

Shafi na 31

Na Kaka Winifred ta bayan coci

Ku da kuka cika min waya da saƙo tun jiya, wai ina Kaka ta shiga, ko ta mutu ne? Ban mutu ba, gwiwa ce ta hana ni sakat. Ke kuma Beryl mai gidan burodi, da kika ce ba haka aka nuna zamanin nan a talabijin ba, je ki ƙarasa kallon abinki. Can kowa haƙoransa fari tas, kamar bai taɓa tauna albasa ba. Nawa mutanen suna wari, suna ƙarya, kuma ta tagar kicin nake hango inda suke kwance.

Wanda yau ya shigo, ga inda muka tsaya. Gida biyu ke kokawa a kan gadon sarautar Ingila, 'yan farin fure da 'yan jan fure. Fulk, uban ƙasar Hollinby, na farin fure ne. Da sarkin jan fure ya karɓi mulki na ɗan lokaci, Gervase, ƙanin Fulk da suke uba ɗaya, shi ya nuna rumbun da yayansa ya ɓuya, aka sare masa kai a tsakiyar kasuwa. Ba a rufa shekara ba ƙasa ta sake juyawa, farin fure ya dawo. Gervase ma ya juya da ita, har da hawayensa, wai shi dama zuciyarsa fara ce. Yanzu yana neman a ba shi riƙon Piers, marayan Fulk, ɗan shekara huɗu. In yaron ya mutu, gida da gonaki duk na Gervase ne. Uwar yaron, Sibil, ta san in ɗanta ya tsallaka ƙofar baffan nan nasa ba zai ga bazara ba. Yau manzon sarki ya iso zai yanke.

Da safiyar ranar bikin kyandir, Sibil na ɗaure gashi sai ga Emmot matar mai kyandir ta faɗo ta ƙofar baya, kwando a hammata, tana haki.

"Uwargida, rufe ƙofa. Bakina ya cika, in ban zubar ba zan fashe."

"Emmot, yau ba ranar gulma ba ce. Yau za su ɗauke min ɗa."

"Ai gulmar yau magani ce. Kin san kabarin da ƙanin mijinki ya sa aka sassaƙa masa tun yana raye?"

"Wa bai sani ba? Ya shimfiɗe kansa a gefen bagadi, inda ya kamata Fulk ya kwanta."

"Kin lura da sarƙar da ke wuyan mutum-mutumin?"

Kun dai sani, babban mutum da sarƙar sarkin da yake bi ake sassaƙa shi. Ta farin fure, rana ce da fure a jere. Ta jan fure kuwa ƙugiyoyi ne, da farar agwagwa mai dogon wuya rataye a ƙirji.

Sibil ta taɓe baki. "Rana da fure, ruwan zinariya. Ita yake nuna wa duk baƙon da ya zo."

"Kaki ne."

"Me?"

"Kakin zuma, Uwargida! Mijina Hodge ne ya yi shi. Kabarin nan lokacin jan fure aka sassaƙa shi, da agwagwarsa da komai. Da labari ya zo farin fure ya dawo, Gervase ya kulle Hodge a coci, ya sa ya lulluɓe tsohuwar sarƙar da kaki, ya fitar da rana da fure a kai, ya shafe da ruwan zinariya."

Sibil ta saki tsinken gashin da ke hannunta.

"Me ya hana shi kiran masassaƙi ya kankare ta gaba ɗaya?"

"Abin da Hodge ya tambaya ke nan. Kin san amsar? Wai, 'In na kankare, jan fure ya sake dawowa fa? In sake sayen wani dutsen?'"

Jama'a, kun ji mutum. Ko a kabari ƙafa ɗaya ya sa, ɗayar na waje tana jiran yadda za ta kaya.

"Shi ya sa," in ji Sibil a hankali. "Shi ya sa ya hana a kunna ko kyandir ɗaya kusa da kabarin. Wai hayaƙi zai ɓata masa farin dutse."

"Hayaƙi! Uwar hayaƙi."

"Amma ke Emmot, tun bara kin sani. Me ya buɗe bakinki yau?"

Emmot ta dire kwandon da ƙarfi. "Aladiyata. Mai ciki, Uwargida, tana gab da haihuwa. Ta ɗan leƙa dajin Gervase cin 'ya'yan itace, ya sa aka harbe ta. Na je ina kuka, ya ce in gode ba ni aka harba ba. To yau zan gode masa."

Ta yaye ƙyallen da ke kan kwandon. Kyandir ne a nannaɗe kamar gammo. Wancan satin da tari ya kama Piers, Sibil ta yi abin da kowace uwa ke yi: ta auna tsawon yaron da lagwani daga kai zuwa tafin ƙafa, ta yi alkawarin kyandir mai tsawonsa in ya tashi. To ya tashi.

"Ya yi kauri," in ji Sibil.

"Lagwani uku na murɗa a ciki. In ya kama, ko dinya kika rataya a kai sai ta gasu."

Rabon Sibil da dariya tun ranar da aka sare Fulk a kasuwa. Ta yi ta yanzu, amma irin wadda in ka ji sai ka matsa gefe.

Cocin ya cika maƙil, kowa da kyandirinsa a hannu, numfashi na fita kamar hayaƙi don sanyi. Manzon sarki, Barde Baldwin, na zaune a kujerar gaba da mura, hanci ja, yana sharɓe. Mutum ne da 'yan jan fure suka kashe masa ƙanne biyu a yini ɗaya, ko a faranti ya ga agwagwa sai ya ture.

Gervase ya taro Sibil tun daga ƙofa, cikin rigar gashin dila, hannu a buɗe.

"Matar yaya! Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

"Ina ci, ƙanena. Ba ya zama ne."

"Ina ɗana Piers? Na sa an gyara masa ɗaki a saman hasumiya. Yana kallon kogi, iska ta ko'ina."

"Yaron da ke tari?"

"Iska ai magani ce."

"Tagar tana da ƙarfe?"

Ya yi murmushi, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Yara da hawe-hawe, matar yaya. Sai dai addu'a."

Wallahi da ni ce da kyandirin na soka masa a ido. Amma Sibil ta sunkuyar da kai ta wuce.

Barde Baldwin ya fyace hanci. "A yi a gama, ƙafata ta daskare. Uwargida Sibil, an ce kina da ƙara a kan ƙanin mijinki. Kina da shaida?"

"Ba ni da ita, ranka ya daɗe."

"To?"

"Na janye. Ya ɗauki yaron."

Coci ya ɗauki guna-guni. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ta haukace." Gervase kansa sai da ya ƙifta ido.

"Alfarma biyu kawai nake roƙo," in ji Sibil. "Ya rantse zai riƙe maraya da amana, kuma bai taɓa bin jan fure da zuciyarsa ba. Amma a gaban kabarinsa zai rantse, inda zai kwanta ya jira hisabi."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Gervase da sauri. "Ta biyun fa?"

Ta ɗaga kyandirin. "Tsawon ɗana ne. Alkawari na yi. Tunda yau kai ne ubansa, a ƙirjin mutum-mutuminka nake so ya ci, Allah Ya ɗaure ku tare."

Fuskar Gervase ta koma kalar madarar da ta kwana.

"A'a. Ba a kunna wuta a nan. Hayaƙi... dutsen daga nesa aka kawo shi, yana kama baƙi."

Baldwin ya kalle shi ta saman ƙyallen majina. "Dutse ne, malam, ba mayafin amarya ba. Mace ta ba ka ɗanta, kai ba za ka ba ta aron ƙirjin dutse ba?"

"Ranka ya daɗe, a sa a wajen ƙafa mana."

"A ƙafa ake riƙon maraya?" in ji Sibil.

Aka yi dariya. Baldwin ma ya yi, ta zame masa tari. Ya yi nuni da hannu a ci gaba.

Sibil ta ɗora gammon kyandirin a ƙirjin mutum-mutumin, ta tura shi sama, ta ƙara turawa, har ya kusa taɓa haɓa. Ta kunna. Wuta ta tashi fuu, kamar an hura maƙera.

Sai ga muryar Emmot daga cikin mata. "Haba matan Hollinby! Uwargida kaɗai za ku bari? Uban ƙasarmu ne fa na gobe. Ku kawo naku a haskaka masa fuska!"

Kafin Gervase ya buɗe baki mata sun yi caa. Wannan ta manna nata a kafaɗa, waccan a gefen kunne, wata a kan matashin dutse. Ba su san komai ba, su dai sun ga an ba su dama su taɓa abin da aka hana su. Wuyan mutum-mutumin ya zama kamar murhu.

Aka kira Fada Osbert da littafi. Tsoho ne tukuf, kunne ya tafi tun zamanin kakan sarki, kuma in ya fara addu'a da yaren coci sai ka je ka tatsi saniya ka dawo bai kai amin ba.

Gervase ya ɗora hannu a kan littafin. Idonsa na kan sarƙa.

Fada ya fara. Ya ja. Ya tsaya ya lashi yatsa. Ya juya shafi.

"Fada, a gajarta," in ji Gervase.

"Na'am, ɗana?"

"Na ce ka yi sauri!"

"A sake daga fari? To, to. Madalla da mai son addu'a."

Ya koma shafin farko.

Gumi ya keto wa Gervase, a ranar da ruwan tsarki ma ya daskare a kwanonsa. Sibil na durƙushe a wajen kan kabarin, hannu a haɗe, ido a rufe, kamar waliyyiya. Amma ido ɗaya bai rufu duka ba, ni na faɗa muku.

"Ƙanena, zafi kake ji?"

"Yi mana shiru."

"Cire rigar dilan mana. Ko ita ma akwai wata a ƙarƙashinta?"

Rana ta farko da ke kan sarƙar ta fara sheƙi. Ta yi laushi. Gefenta ya lanƙwashe. Sai ga ɗigon zinariya ya gangaro ta gefen wuya, ɗis, a kan dutse.

Gervase ya fizge hannunsa daga littafin zai kai wa kyandirin duka.

"Mayar da hannunka," in ji Baldwin. Murar ta bar muryarsa. "Ba a gama rantsuwa ba."

"Ranka ya daɗe, wuta za ta..."

"Na ce mayar."

Wani ɗan ƙauye a gaba ya nuna da yatsa. "Kai! Dutse na kuka!"

"Abin al'ajabi!" in ji wata, ta zube a gwiwa.

"Al'ajabin gidanku," in ji Emmot. "Buɗe ido ki ga."

Fure ya bi rana, rana ta bi fure, duk suka zame suna tsiyaya kamar man shanu a kasko. Baldwin ya tashi. Ya tako a hankali, takalman ƙarfensa na amsawa a cikin cocin. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta cin nama, ya sa bakinta a ƙirjin mutum-mutumin, ya kankaro kakin da ya rage.

Dogon wuya ya fito. Sai baki. Sai fiffike.

Farar agwagwa, kwance lafiya lau a ƙirjin Gervase, ko ƙwarzane babu.

Fada Osbert, da bai san me ake ciki ba, ya ɗago kai ya ce, "Amin."



"Wannan me ke nan?" in ji Baldwin.

"Tsohon aiki ne, ranka ya daɗe. Tilasta min aka yi a lokacin, kowa ya san yadda..."

"Tilas ta sa aka sassaƙa. Wace tilas ce ta hana ka kankarewa?"



Sibil ta miƙe. Ta karkaɗe gwiwarta, ba gaggawa.

"Bari in taya shi, ranka ya daɗe, kunya ce ta kama shi. Ajiya ya yi. Yana jiran ranar da za a kori sarkinka, ya sa farce ya ɓare kakin, ya ce shi dama zuciyarsa ja ce." Ta juya ta fuskanci Gervase. "Ka tuna ranar kasuwa? Ina tsaye a bakin rijiya, ka zo ka rufe min ido da hannunka, wai kada in gani. Hannunka na warin hatsin rumbun da ka nuna musu. Na gani ta tsakanin yatsunka, Gervase. Sara uku aka yi masa, don mai gatarin a buge yake. Yau ni ba zan rufe ido ba. A gaba zan tsaya. Kuma zan saya wa mai gatarin giya da kaina."

Mata suka ja numfashi. Emmot ta ce, "Ni zan ƙara masa tulu, don aladiyata."

Baldwin ya ɗaga wa dakarunsa hannu. "Ku kama shi. Yaro ya zauna wajen uwarsa."

Sibil ta dafe ginshiƙi. Ta samu. Ɗanta zai kwana a gadonsa.

To da a nan aka tsaya, da ni ma na huta.

Dakaru biyu sun riƙe Gervase, sai ya fara dariya. Ƙasa-ƙasa da fari, sannan ya sake ta har tana dukan rufin coci.

"Dutse ne shaida yanzu, ranka ya daɗe? Dutse ke rataye mutum a Hollinby?"

"Ya rataye ka."

"To a ji shaidar duka. Rabi kuka gani."

Irin kaburburan nan miji da mata ake kwantarwa gefe da gefe. Na Gervase, ɓangaren matar a ɗinke yake cikin baƙin zane tun da aka kawo shi, kowa ya ɗauka marigayiyar matarsa ce, baƙin ciki ya hana shi kallonta. Ya fizge hannu ɗaya daga riƙon dakare, ya damƙi zanen, ya ja. Ɗinkin ya ɓarke, ƙura ta tashi.

Mace ce kwance, hannunta na dama cikin nasa.

A wuyanta ƙugiyoyi da agwagwa, ba ko kaki.

A gefen rigarta tsuntsaye uku, tambarin gidan uban Sibil. Ɗan ƙaramin yatsanta na hagu a karkace, daidai yadda na Sibil ya karkace tun da doki ya taka ta tana yarinya.

Emmot ta toshe baki da hannu biyu.

"Matar yayanka?" in ji Baldwin. "A kabarinka? Hannu cikin hannu?"

"Tun yayan nawa na numfashi aka fara sassaƙa shi," in ji Gervase, yana kallon Sibil, yana lasar leɓe. "Masassaƙi ba ya ƙirƙiro yatsa, ranka ya daɗe. Sai an zauna a gabansa an miƙa masa hannu. Ka tambaye ta wa ya faɗa min rumbun da Fulk ya ɓuya. Ni da ita ne kawai a duniya muka sani, kuma ni ba ni nake kai masa abinci ba."

"Ƙarya yake!" Emmot ta ƙwalla. "Uwargida, faɗa musu ƙarya yake!"

Baldwin ya daɗe yana kallon yatsan dutse. Sannan ya kalli na Sibil. Ta ja hannun cikin riga, amma ta makara.

"In gaskiya ya faɗa," in ji shi, "ba ke ba ɗanki. Yaron ya bi ni gidan sarki yau ɗin nan, a ba wanda aka ga dama, ke kuma ki bi ƙanin mijinki wajen mai gatari." Ya karɓi littafin daga hannun Fada Osbert, ya ɗora a kan ƙirjin matar dutse. "Ga hanya mai sauƙi. Ɗora hannunki inda ya ɗora nasa. Rantse ba ki taɓa zama gaban masassaƙin nan ba."

Kaki na ta ɗiga.

Sibil ta fito da hannun. Ta ɗaga shi. Ta kai shi daidai saman littafin.

"Uwargida," in ji Emmot da wata 'yar murya, "sauke mana."

Hannun bai sauka ba.